Ɓoye sunan masu zane ne ya raya kamfanin D.C. Thomson?

Abba Gwammaja: Salamu alaikum jama'ar gida. Akwai maganar da na yi jiya a majalisa aka taso min kamar za a cinye ni ɗanye, shi ne na ce bari in kawo ta nan ko a samu masu adalci. Maganar kamfanin D.C. Thomson ce na garin Dundee a Sikotland, masu buga mujallun katun ɗin nan Beano da Dandy da Commando. Abin da na ce shi ne, duk manyan kamfanonin Landan da suka yi gogayya da su a harkar katun na yara an yi ta sayar da su hannu zuwa hannu har suka narke, amma wannan tun 1905 yana hannun zuri'a ɗaya, ba a sayar da hannun jarinsa a kasuwa, kuma Beano da aka fara ranar 30 ga Yuli 1938 har yau kowane mako tana fitowa. Sirrin abu biyu ne, na farko gida ɗaya ke riƙe da shi, na biyu kuma wanda mutane ba sa son ji, ba sa barin mai zane ya sa sunansa a jikin aiki, kuma duk abin da ya ƙirƙira na kamfani ne. Ni a wajena wannan hikima ce ba zalunci ba. Mai ja ya ja.

Sadiq mai zane: Wa alaikumus salam. Abba kai ba ka taɓa kwana a kan takarda kana gyara fuska ɗaya har kiran assalatu ba, shi ya sa bakinka ya iya furta hikima a nan.

Ummi: An fara 😂 bari in gyara zama

Malam Habu: Abba ɗana, kafin a shiga ja ga gyara ɗaya. Ba kowane mako ba ne tun 1938. Lokacin yaƙin duniya na biyu takarda ta yi ƙaranci, sai suka koma wannan makon Dandy mako mai zuwa Beano, haka aka tafi har 1949, akwai ma ƙanwarsu ta uku mai suna Magic da aka fara 1939, ita yaƙin ya cinye ta a 1941. Sannan ba da katun suka fara ba. Gidan Thomson 'yan harkar jiragen ruwa ne, uban William Thomson shi ya mallaki jaridar Courier ta Dundee a shekarun 1880 ya ɗora ɗansa David Couper Thomson a kai, shi ne D.C. ɗin da kuke ji. Sai 1921 suka fara mujallar labaran samari Adventure, sai Rover da Wizard a 1922, su ma rubutu ne zalla da ɗan hoto jefi-jefi, Dandy ba ta zo ba sai Disamba 1937. Dundee ɗin ma garin masaƙu ne na buhun algarara, daga cikin masaƙun garin Mary Slessor ta fito ta tafi Kalaba, wannan dai ƙari ne ga masu son tarihi. Mu a makarantar kwana a shekarun 1970 Commando muka sani, ɗan ƙaramin littafi da ke shiga aljihun wandon makaranta, bango mai kala da hoton wuƙar soja a jikin sunan, ciki baƙi da fari shafi 60 da 'yan kai, yawanci hoto biyu a kowane shafi. Guda ɗaya sai ya zaga ɗakin kwana kaf har bangon ya cire a ɗinke shi da zare, a ƙarƙashin teburi muke karantawa lokacin firef. Kuma tsakani da Allah ko sau ɗaya ban taɓa tambayar wa ya zana ba.

Abba Gwammaja: Kun ji ko!! Ranka ya daɗe Malam ka gama min aiki. Yaro ba ruwansa da mai zane, jarumin yake so. Dennis ɗin nan mai tsayayyen gashi da riga mai ratsin ja da baƙi tun Maris 1951 yake ta'adi a Beano, David Law ya fara zana shi, da ya bari a 1970 David Sutherland ya ɗauka, yanzu Nigel Parkinson ne, yara nawa suka lura? Da a ce Dennis mallakar Law ne ai da ranar da ya ajiye alƙalami an rufe shago.

Sadiq mai zane: To tsaya in ba ka labarin Leo Baxendale tunda sunaye kake so. Saurayi ne ɗan shekara ashirin da 'yan kai daga Lancashire, ya ga Dennis a Beano ya ce shi ma zai iya, ya aika musu da zane. A 1953 ya ba su Little Plum da Minnie the Minx, a 1954 ya ba su 'yan ajin nan marasa jin magana da daga baya aka sa wa suna Bash Street Kids. Wato cikin shekara biyu mutum ɗaya ya kafa turakun da har yau Beano ke tsaye a kansu. Kuma ba jarumai kawai ya kawo ba, salo ya kawo, shafi ya cika maƙil da yara talatin kowa na nasa rashin jin, wani ya maƙale a fanka wani yana ƙarƙashin teburi, ƙananan abubuwan dariya a kowane lungu yadda sai ka duba sau uku kafin ka gama gani. Aiki ya yi masa yawa har lafiyarsa ta fara taɓuwa, a 1962 ya tattara ya bar su, ya fita ba da ko jarumi ɗaya a hannunsa ba, kamfani ya miƙa wa wasu su ci gaba da kwaikwayon hannunsa. A shekarun 1980 ya kai su kotu kan haƙƙin mallaka, shekara 7 ana bugawa, sai 1987 aka yi sulhu a wajen kotu, da abin da ya samu ya buɗe ɗan ƙaramin kamfaninsa Reaper Books. Su Minnie kuma suna nan a Dundee. Ya rasu 2017. Kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi, wannan ita ce hikimar taka.

Abba Gwammaja: Yaya Sadiq ai biyansa aka yi a kan kowane shafi, ba fashi aka yi masa ba. Ya san sharaɗin kafin ya miƙa aikin.

Sadiq mai zane: Ya sani mana, amma wane zaɓi gare shi a 1953? Ko ina ya je sharaɗin ke nan. Kuma kuɗin shafi sau ɗaya ake biya, shi kuwa shafin a sake buga shi a littafin ƙarshen shekara, a sake a mujallar bazara, a yi riga a yi kofi, kwabo ba ya komawa wajen mai shi.

Kwamared Isa: Ku bar ni in shigo, don maganar ta wuce ta masu zane kaɗai. Abba ka ce gida ɗaya ke riƙe da shi kamar abin alheri ne zalla, to bari ka ji yadda gida ɗayan ya yi da ma'aikata. A 1926 an yi gagarumin yajin aikin gama-gari a Birtaniya, ma'aikatan maɗaba'a suka shiga, David Couper Thomson ya ƙullace su. Bayan an janye ya ce duk mai son aiki a gidansa sai ya sa hannu a takarda cewa ba ya cikin ƙungiyar ƙwadago kuma ba zai shiga ba. Ba na shekara ɗaya ko biyu ba ne, dokar gidan ta zama. A 1952 suka kori ma'aikaci saboda an gano ɗan ƙungiya ne, rigima ta tashi har direbobi da masu lodin kamfanin da ke kawo musu takarda suka nuna ba za su taɓa kayan Thomson ba, shi kuma ya maka shugabannin ƙungiyoyin a kotu, shari'ar nan da ɗaliban lauya ke karantawa har yau da sunan Thomson da Deakin, kuma bai samu abin da ya je nema ba. To inda ba ƙungiya wa zai tsaya wa mai zane ya ce a sa sunansa? Ɓoye suna da hana ƙungiya uwarsu ɗaya. Mutumin da ba a san sunansa ba kamfanin Landan ba zai neme shi ya ƙara masa kuɗi ba, shi ke nan fa dalilin, ba wai don kar a ɓata wa yara rai ba.

Ummi: Kwamared an taɓo masa inda yake masa ƙaiƙayi hhh

Malam Habu: Mutumin ai ba ma'aikata kaɗai ya yi wa taurin kai ba. Churchill ya wakilci Dundee a majalisa daga 1908 zuwa 1922, suka saɓa da Thomson, jaridun gidan suka juya masa baya, kuma a zaɓen 1922 ya faɗi, wanda ya kada shi ma mai fafutukar hana giya ne. Ba na cewa jarida kaɗai ta kada shi, amma dai ku gane irin mutumin da ake magana a kai. Sai 1954 ya rasu yana da shekara 93.

Abba Gwammaja: Kwamared na ji, ban ce waliyyi ba ne. Amma tambayata ita ce me ya raya kamfani, ba wa zai shiga aljanna ba. Ku dubi abokan hamayyarsu. Amalgamated Press ita ce giwar Landan, masu jaridar Mirror suka saye ta a 1959 suka mai da ita Fleetway, aka haɗa da kamfanin Odhams aka yi babban kamfanin IPC, a 1987 aka sayar da sashen katun ga attajirin jaridu Robert Maxwell, a 1991 ya koma hannun Egmont 'yan Denmark. Kowane sabon mai gida ya zo sai ya duba wace mujalla ce ba ta kawo riba a wata shida ya yanka ta. Ina Buster? Ina Whizzer and Chips, ina Tiger? Su kuwa na Dundee edita ɗaya Albert Barnes ya riƙe Dandy daga 1937 har 1982. Sutherland da na ambata ya zana Bash Street Kids daga 1962 har rasuwarsa a farkon 2023, shekara 60 cif. In gidan azaba ne me ya zaunar da shi?

Maman Ilham: Sannunku da muhawara, yanzu na taso daga aiki na tarar da saƙo ya taru. Ni dai a garin nake zaune don haka bari in faɗi abin da ido ya gani. A tsakiyar gari kan High Street akwai mutum-mutumin tagulla na Desperate Dan, ƙaton nan na Dandy mai haɓa kamar turmi wanda ke aske gemu da wutar walda yana cin fanken nama da ƙahonin saniya a tsaye a ciki. Tun 2001 yake wajen, ya fi mutum tsawo sosai, ya ɗaga ƙafa yana tafiya da mujalla a naɗe a hannu yana jan karensa, ita kuma Minnie tana bayansa ta ja danƙo tana auna shi, Ilham ba ta yarda mu wuce sai ta tsaya kusa da Minnie an ɗauke ta hoto. Har titi aka sa wa suna Bash Street a garin. Mutanen nan suna ji da kamfanin gaskiya, kusan duk wanda ka zauna da shi yana da ɗan uwa da ya taɓa aiki a can. Amma Abba ƙanena kana magana kamar ba su taɓa binne mujalla ba. Dandy ɗin da Dan ya fito daga cikinta ta mutu, bugun ƙarshe na takarda ranar 4 ga Disamba 2012, ranar da ta cika shekara 75, lokacin abin da ake sayarwa ya dawo wajen kwafi 8,000 a mako bayan a shekarun 1950 ana maganar miliyan 2. Suka ce za ta ci gaba a intanet, ba ta yi shekara ba ita ma ta tsaya. Topper, Beezer, Victor, Bunty ta 'yan mata da ta kai 2001, Jackie da ta tsaya 1993, duk na gidan ne duk sun tafi. A Fabrairu 2023 kuma suka sanar da rage ma'aikata wajen 300 da rufe mujallu da dama, ranar garin ba daɗi. To su ma suna yanka, sai dai ba sa gaggawa.

Abba Gwammaja: Anti ai rashin gaggawar shi ne maganata. Talabijin ta zo, gem ya zo, waya ta zo, dole kasuwa ta ragu, amma wa ya rage a tsaye?

Malam Habu: Wanda ke da wata rumbu ne ya rage. Abba kana ta danganta rayuwar kamfanin da katun alhali katun ɗin ɗaki ɗaya ne a gidan. Suna da jaridun Courier da Evening Telegraph da Sunday Post, suna da mujallar People's Friend da ake bugawa tun 1869, a 2006 suka sayi jaridun Aberdeen har da Press and Journal, suna da Findmypast na masu binciken asalin kakanni, ga dukiyar da suka zuba a wasu wurare. Mai irin wannan zai iya riƙe mujallar da ke tangal-tangal shekara goma don kunyar sunan gida. Ba kullum ma suke dacewa ba, sun sayi shafin sada zumunta na intanet Friends Reunited a hannun gidan talabijin na ITV kan fam miliyan 25 lokacin Facebook ya riga ya gama da shi, ƙarshe rufe shi aka yi a 2016. Don haka rabin maganarka ta farko na karɓa, gida ɗaya mai haƙuri da aljihu mai zurfi. Rabin na biyu ne ban ga inda ya shiga ba.

Sadiq mai zane: Bai shiga ba Malam, kuma ga hujja daga cikin gidan. Dudley Watkins, wanda ya zana Desperate Dan da Lord Snooty, kuma shi ya fara Oor Wullie da The Broons a Sunday Post a 1936. Shi sun bar shi yana sa hannu a aikinsa tun 1946, don sun san in ya tafi sun shiga uku. Ya rasu 1969 a kan teburin zanensa. Abba ya ce mai zane ana canza shi yara ba su lura ba ko? To me ya sa bayan rasuwar Watkins suka yi sama da shekara goma suna maimaita tsofaffin shafukansa na Desperate Dan a Dandy maimakon su ba wani? Saboda sun duba ba su ga mai hannun ba. Kamfanin da kansa ya san ba kowa ake musanyawa ba, a bainar jama'a ne kawai yake yin kamar bai sani ba.

Ummi: Wannan ta shiga gaskiya. Abba kana nan kuwa?

Abba Gwammaja: Ina nan daram. Mutum ɗaya ne a cikin ɗaruruwa.

Kwamared Isa: To ga wasu. Ka lissafa abin da tsarin ya jawo musu na asara. Baxendale da ya fita, kamfanin Odhams ya je ya kafa musu mujallar Wham! a 1964, Ken Reid mai Roger the Dodger da Jonah ya bi shi a shekarar, wato da hannunsu suka yi wa abokin gaba kyautar gwanayensu biyu. Sai babbar, Pat Mills da John Wagner a ofishin Thomson suka haɗu suna ƙananan editoci, a can suka koyi aikin, suka fita. Da Thomson ya fito da mujallar labaran yaƙi Warlord a 1974 ta karɓu, su biyun IPC ta ɗauka suka yi mata Battle a 1975 don ta kara da ita, sai Action a 1976, sai mujallar 2000 AD a Fabrairu 1977 inda jarumin nan Judge Dredd ya fito. Alan Grant ma ɗan gidan Dundee ne kafin ya koma can. Grant Morrison yana saurayi ya yi wa Thomson aiki a mujallar Starblazer kafin Amurka ta ɗauke shi. Makaranta ce mai kyau ba musu, amma ɗalibai ba sa zama.

Sadiq mai zane: Kuma 2000 AD ita ce ta rusa maganar Abba gaba ɗaya. Tun a shekararta ta farko Kevin O'Neill ya fara saka ɗan akwati a gefen shafi mai ɗauke da sunan marubuci da mai zane da mai rubuta haruffa, cikin raha wai su mutum-mutumin inji ne. Daga nan masu karatu suka san su Brian Bolland da Dave Gibbons da Carlos Ezquerra. Mujallar ta sa suna, ta canza mai gida sau uku, IPC zuwa Maxwell zuwa Egmont zuwa Rebellion a 2000, kuma har yau duk mako tana fitowa. Ba gida ɗaya, ba ɓoye suna, ga ta da rai.

Abba Gwammaja: Alhamdulillahi da bakinka ka kawo ta 😄 Yaya Sadiq wa ke da Rebellion? Wa da ƙani ne, Jason da Chris Kingsley a Oxford, kamfanin gem mai zaman kansa. Wato sai da ta faɗa hannun 'yan gida ɗaya masu wata hanyar samun kuɗi sannan ta samu natsuwa, shekara 20 da ɗoriya ke nan ba a sake sayar da ita ba, har sun bi sun saye tsofaffin kayan IPC su Roy of the Rovers a 2016. Na biyu, sunan da aka sa me ya jawo? Da Amurkawa suka ga sunayen ai zuwa suka yi suka kwashe su, Bolland da Gibbons da Alan Moore duk kamfanin katun na DC Comics na Amurka ya ja su a shekarun 1980, abin da Thomson ke tsoro ke nan tun farko kuma ya faru a idon kowa. Na uku, an sa suna amma Judge Dredd na waye? Na Wagner da Ezquerra ne ko na kamfani? Na kamfani ne. To ina bambancin?

Ummi: Kai Abba ya farfaɗo

Maman Ilham: Bambancin shi ne kun cakuɗa abu biyu tun ɗazu. Sa suna daban, mallaka daban. Abba a saƙonka na farko ka haɗa su ka ce su ne sirri. Mallaka kam na yarda tana riƙe kamfani, ba don ita ba da babu Beano Studios da suka buɗe a 2016 suna yin katun na talabijin da Dennis. Amma suna fa? Beano da nake saya wa Ilham yanzu da sunayen marubuta da masu zane a jikin shafuka, Commando ma tana rubuta wanda ya yi labari da zane da bango. Beano ta wuce fitowa ta 4,000 a 2019, Commando ta wuce 5,000, ba wadda sa suna ya kashe. In da ɓoyewar ce ke riƙe da su ai da sun rushe ranar da suka daina.

Sadiq mai zane: Allah ya biya ki Anti. Kuma ko maganar kwashewa da yake yi, mutum ya samu inda za a biya shi da daraja ya tafi, wannan asarar kamfani ce ba asarar duniya ba. Ian Kennedy da ya yi wa Commando bango sama da dubu, jiragen yaƙin nan da Malam ke kallo a firef wataƙila da yawa hannunsa ne, aikinsa na farko a gidan a 1949 shi ne cike baƙaƙen akwatunan wasan kalmomi na Sunday Post da tawada. Mutum ya taso daga nan ya kai inda ya kai, a ce yaron da ke ɗinke bangon littafinsa da zare bai san sunansa ba sai bayan ya tsufa.

Malam Habu: Yau na fara jin sunan, Allah shaida.

Ummi: Ni tambayata daban ce, tunda ana yabon gida ɗaya da riƙon al'ada. Na ga hoton bangon Beano na farko, a saman kusa da sunan akwai zanen yaro baƙar fata da aka yi wa irin zanen wulaƙancin nan na da, da yankan kankana a hannu, Peanut suke ce masa. A 1965 kuma suka fito da Sparky, shi ma jarumin yaro ne baƙi da bantan ciyawa. 1965 fa, Najeriya ta haura shekara huɗu da samun 'yanci. Wannan ma cikin hikimar ne?

Abba Gwammaja: Haba Ummi, wannan ai duk kamfanonin lokacin sun yi, na Landan ma ba su tsira ba. Kuma sun cire su.

Ummi: Sun cire bayan an daɗe. Ni abin da nake nufi, gidan da ba mai ce masa don me daga waje yana daɗewa a kan daidai kuma yana daɗewa a kan kuskure, ba za ka ɗauki ɗaya ka bar ɗaya ba.

Malam Habu: Ta faɗi gaskiya. Ni ma a cikin duk Commando da suka ratsa hannuna ban tuna na ga sojanmu ko ɗaya ba, alhali runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma sun yi yaƙin Bama, a unguwarmu akwai tsofaffin da suka je suka dawo, muna wuce su a zaune a ƙofar gida da littafin a aljihu.

Kwamared Isa: Abba tambaya ɗaya ka amsa min ba kwana-kwana. An kawo maka takarda yau, albashi mai kyau, aiki har tsufa, amma ba sunanka a komai, ba ƙungiya, abin da ka ƙirƙira jikokin mai gida ne za su ci. Za ka sa hannu?

Abba Gwammaja: Da wannan zaman kashe wandon da muke yi? Kwamared kawo biro.

Sadiq mai zane: Ai shi ya sa suka samu masu sa hannu a Dundee ma, masaƙun garin suna ta rufewa.

Abba Gwammaja: Ko ma mene ne dalili an sa hannu, kuma Beano na kan kanta ranar Laraba mai zuwa. Anti in kin je saye ki ɗauko mana hoton shafin da sunayen suke, ina so in ga ko sun kai girman da mutum zai karanta ba tabarau.

Maman Ilham: Zan turo in sha Allah, amma ka tanadi kuɗin mujallar don yanzu ba kwabo 2 ba ce kamar ta 1938.